Tarkacen Gida: Yadda A Ke Rage Su Da Yadda A Ke Hana Su Komowa

A cikin darussan da a ke koya mana a kwalejin nan, babu wanda na raina kamar darasin tsabtar gida. Na ɗauka abu ne na 'yan aji ɗaya, watau share tsakar gida da wanke hannu da yanke farce. Sai da abin ya auku a gidanmu sa'an nan na gane ban san kome ba a cikinsa. Don haka na roƙi edita ya ba ni ɗan fili in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai abin da na koya, musamman waɗanda za su fita gwajin koyarwa bana.

Gidanmu a Lafiya ya ke, kusa da hanyar Doma, ɗaki uku ne da ɗan madafi. Mahaifina tela ne. Ya sayi filin a cikin 1998, shekara biyu bayan an ƙirƙiro Jihar Nasarawa an mai da Lafiya babban birninta, lokacin da fili ya fara tsada. Ya rasu a cikin 2019, tun daga ran nan kuwa aka rufe ɗakinsa, ba a buɗewa sai in za a jefa wani abu ciki.

Da na zo hutun Disamba na 2023, sai na tarar maƙwabcinmu yana shirin gina katanga, an ɗan sami saɓani a kan iyaka. Mama ta ce mini, "Malam, shiga ɗakin babanka ka ɗauko takardar fili." Haka ta ke kirana tun da na shiga kwaleji, rabi girmamawa rabi ba'a. Na shiga da nufin in fito cikin minti biyar. Kwana biyu na yi ina nema. Ran na uku na same ta cikin wata leda a ƙarƙashin buhun ƙyallaye, ɓeraye sun cinye rabinta, rabin da suka ci kuwa shi ne mai ɗauke da hannun shaidu. Na miƙa wa Mama guntun, ta duba, ta zauna a bakin ƙofa ba ta ce uffan ba.

Allah ya taimake mu, ɗaya daga cikin shaidun yana da rai, ko da ya ke ya tsufa ƙwarai. Aka kai shi gaban mai unguwa, ya nuna iyaka, aka sāke rubuta takarda. Amma da tsohon nan ya riga mu gidan gaskiya, da wa zai tsaya mana? Ba ɓarawo ne ya shigo mana ba, ba gobara ba. Kayanmu ne da muka tara da hannunmu suka kusa raba mu da gefen gidanmu.

Menene tarkace?

Tarkace dabam, shara dabam. Shara kowa ya san ta, ba a gardama a kanta, a kan share a zubar. Tarkace kuwa kaya ne masu daraja a idon mai su, amma ba su da wani aiki a cikin gida. Shi ya sa su ke da wuyar fita. Da na lura, sai na ga ta ƙofa biyar su ke shigo mana.

Ta fari ita ce "wata rana zai yi amfani". Nan a ke samun gwangwanaye da kwalaye da murafan tukwanen da tukwanensu suka daɗe da hujewa. Ta biyu, abin da ya lalace a ke jiran ranar gyara: fanka, rediyo, tsohuwar wayar hannu, takalmi wari guda. Ta uku, kyautar biki: bokitin roba da kofi da kalanda da faranti, kowanne da hoton ango da amarya. Ta huɗu, ajiyar mutane. Ɗan'uwa ya zo daga ƙauye neman aiki, ya bar jakarsa ya ce sai ya komo, shekara shida ba labari. Ta biyar, kayan mamaci, waɗanda ba mai ƙarfin halin taɓawa.

Kada mai karatu ya ce iyayenmu ƙazamai ne, ko kusa. Sun tashi a zamanin da abin hannu ke da wuya, suka koyi cewa ajiya maganin wata rana. Kakanninmu kuma da ƙwarya da tukunyar ƙasa da tabarma da faifai su ke aiki. In ƙwarya ta fashe a ɗinke, in ta ƙi ɗinkuwa ta zama sakaina, daga nan ta ruɓe ta koma ƙasa. Yanzu kayan sun sāke, roba da leda ba su ruɓewa, amma halin ajiya yana nan yadda ya ke. Ga kuma buhun nan mai zane da a ke kira Gana-mas-go, wanda ya sami sunansa a cikin 1983 sa'ad da gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardun zama, yawancinsu mutanen Gana. Buhu ne na tafiya, amma mu mun mai da shi rumbu. A ɗakin Baba kaɗai na ƙidaya guda 14, ba wanda ya san abin da ke cikin ko ɗaya.

Ɓarnar da su ke yi

Babbar ɓarna ita ce ɓera. Abu uku ɓera ke nema: abinci, da duhu, da abin yin sheƙa. Ɗakin da aka jibge tsummoki da takardu a jikin bango, ga buhun masara ko gari a gefe, ya ba shi duka ukun. Ko ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ɓarnarsa kuma ba ta tsaya ga takarda ba. Zazzaɓin Lassa daga wani irin ɓera mai yawan nonuwa a ke ɗaukarsa, in fitsarinsa ko kashinsa ya taɓa abinci ko kwanon ci. An fara gane cutar a cikin 1969 a garin Lassa, cikin Jihar Borno ta yanzu, sa'ad da ta kama ma'aikatan jinya na mishan har biyu suka mutu. Ta fi yaɗuwa da rani, daga wajen Disamba zuwa Maris, watau daidai lokacin da muka cika ɗakuna da amfanin gona, ƙunar daji kuma ta koro ɓeraye cikin gari. Ta kan yi har mako uku a jiki kafin ta bayyana, da fari kuma kamar zazzaɓin cizon sauro ta ke. Jiharmu tana cikin jihohin da aka sha samunta.

Ta biyu, sauro. Daminarmu doguwa ce, tun daga Afrilu har Oktoba. Tsohuwar taya da fasasshen bokiti da gwangwanin da aka jefar bayan ɗaki duk su kan riƙe ruwa, ƙwan sauro kuwa mako guda zuwa kwana goma ya ishe shi ya zama sauro mai tashi. Irin sauron da ke ɗaukar shawara ya fi son irin wannan ruwa na cikin mazubi.

Ta uku, inda ɓera ya yi gida maciji ya kan biyo shi, kunama ma tana son ƙarƙashin abin da ba a ɗagawa. Ta huɗu, gobara. Da hunturu kome ya bushe, ga jarkar fetur ta janareta kusa da tulin takardu, tartsatsi ɗaya ya isa. Ta biyar, hasarar kuɗi da lokaci. Mun sami almakashi huɗu a ɗakin nan, domin duk lokacin da ɗaya ya ɓace a kan sayo wani. Yaron da ya makara don neman takalminsa wari guda, malami ya buge shi a kan makara, alhali laifin yana ƙarƙashin gado.

Dattawa su kan ba mu labarin duba-gari na zamanin Turawa, yadda ya ke shiga gida ya leƙa randa, in ya ga 'ya'yan sauro a ci mai gida tara. A cikin 1984 gwamnatin soja ta kawo Yaƙi da Rashin Ɗa'a, tsabtar gari ta shiga ciki daga baya. A jiharmu kuma a kan keɓe safiyar Asabar ta ƙarshen wata don share gari. Duk wannan yana da kyau, amma doka iyakarta titi da lambatu. Ba ta leƙa ƙarƙashin gadon kowa. Wannan aikin mai gida ne.

Yadda a ke rage su

Zan fara da kuskurena. Ran da aka gama maganar fili, zuciyata na tafasa, na kama fid da kaya ina tulawa a tsakar gida don in cinna musu wuta. Har na haɗa da wani kwando cike da kwalabe. Mama ta komo daga kasuwa ta ce, "Malam, wa ya aike ka? Da waɗannan kwalaben na ke auna man ja, da man jan kuma na ke biyan kuɗin makarantarka." Kunya ta kama ni. Ashe tsufan abu ko muninsa ba shi ne ke mai da shi tarkace ba. Daga ran nan na kafa wa kaina doka: ba na zubar da abin wani sai da yardarsa, da nawa kuma zan fara.

Akwai wata mutuniyar Japan, Marie Kondo, wadda ta rubuta littafi a kan gyaran gida a cikin 2011, aka fassara shi cikin harsuna da yawa. Shawararta ita ce a bi kaya iri iri, ba ɗaki ɗaki ba, a fara da tufafi, a ƙare da kayan tunawa, a riƙe abin da ke faranta rai kaɗai. Rabin farko na karɓa, domin sai ka tara bokitanka duka wuri ɗaya za ka san guda 23 gare ka. Amma faranta rai ba ma'auninmu ba ne. Fartanya ba ta faranta ran kowa, ba kuwa mai yar da ita. Ga tambayoyi uku da suka fi dacewa da mu:

1. Wa ke aiki da wannan abu? A faɗi sunansa.
2. Yaushe aka yi aiki da shi na ƙarshe? In damina guda da rani guda sun wuce ba a taɓa shi ba, da wuya a sāke nemansa.
3. In babu shi, me zai faru?

Sa'an nan a shimfiɗa tabarma huɗu a tsakar gida. Kafin a fara, a buɗe taga, a ɗaura ƙyalle a hanci, a sa takalmi, a yayyafa ruwa mai sabulu ko maganin kashe ƙwayoyin cuta don kada ƙura ta tashi. Kada a cusa hannu cikin buhu, a zazzage shi tukuna.

Tabarma ta fari ta abin da a ke aiki da shi ce. Ta biyu ta abin gyara, amma da sharaɗi: a sa masa wa'adin wata guda, in wata ya cika ba a kai shi wurin mai gyara ba, ya fita. Ta uku ta abin bayarwa ko sayarwa. Ta huɗu ta abin zubarwa.

A kan tabarma ta uku na ke so in ja hankali, domin ita ce ta sauƙaƙa wa Mama. Abin da ke mata ciwo shi ne a yar da abu mai amfani, amma in za a ba wani, da hannunta ta ke miƙawa. Tufafinmu na ƙuruciya suka tafi ƙauye wurin 'ya'yan kawu. Bokitai goma sha biyar muka raba wa maƙwabta da wata amarya. Tsofaffin ƙarafa da fasassun tukwane muka sayar wa 'yan gwangwan, muka sami naira 6,500. Masu ajiya kuma muka buga musu waya ɗaya ɗaya, da ladabi, muka ce su zo su ɗauka kafin Ista ko su ba mu izni mu bayar. Uku suka zo, biyu suka ce sun ma manta da kayan.

Game da abin zubarwa, kada a ƙone roba da leda a tsakar gida, hayaƙinsu yana cutar da ƙirji. Kada kuma a zuba su a lambatu, domin ruwan farko zai komo mana da su har ƙofar ɗaki. A kai su inda a ke kwasar shara. Maganin da kwanansa ya ƙare kada a ba kowa, kada kuma a jefar inda yara ke wasa.

Kayan Baba muka bari sai ƙarshe. Ban matsa wa Mama ba, sai ran da ita da kanta ta ce, "Ɗauko mini kujera." Ta zauna, ina ɗagowa tana faɗin labarin kowane abu. Ta zaɓi rigarsa guda ɗaya, da tabaransa, da hotuna, da littafin da ya ke rubuta awon mutane, muka sa su cikin akwatin ƙarfe. Sauran rigunan ta aika wa ƙannensa. Keken ɗinkinsa kuwa, wanda ya shekara huɗu a ƙarƙashin buhuna, da kuɗin 'yan gwangwan muka sai masa mai da sabon bel, yanzu ƙanwata ke koyon ɗinki da shi. Ran da Mama ta fara jin ƙararsa daga madafi, ta fito ta tsaya a bakin ƙofa, ta daɗe tana saurare.

Yadda a ke hana su komowa

Na koma kwaleji ina alfahari. Da na zo hutun Ista na 2024, sai ga sababbin buhuna uku a kusurwar ɗaki, ɗaya daga ciki kuwa nawa ne, cike da takardun darasi na shekarar da ta wuce. Nan na gane babban darasin: wanda ke kwalfe ruwa daga ɗaki bai toshe yoyon rufi ba, aikin banza ya ke yi. Kwasar tarkace aikin mako guda ne, tsaron ƙofa kuwa aikin kullum. Muka zauna mu duka muka yarda da dokoki bakwai, ƙanwata ta rubuta ta manna a bayan ƙofa.

1. Kowane abu da mazauninsa. Almakashi da ƙusarsa, makulli da tasa. Abin da aka rasa masa mazauni, baƙo ne, baƙo kuwa ya kan tafi.
2. In sabo ya shigo, tsoho ya fita. An ɗinka sabuwar riga ta Kirsimati ko ta Salla, a fid da guda ɗaya a bayar a makon nan.
3. Ba a sayen sabon buhu ko akwati don ajiya. In mazubi ya cika, kayan ne suka yi yawa, ba mazubin ne ya yi kaɗan ba.
4. Mai zuwa kasuwa ya tafi da kwando ko jaka, don kada ya komo da leda goma.
5. Kyautar biki a karɓa da godiya. In akwai irinta a gida, ta wuce gaba kafin mako ya zagayo.
6. Mai kawo ajiya a karɓe shi hannu biyu, amma a yanka rana tun a gabansa. Wannan ba rowa ba ne, domin in ɓera ya ci kayansa a hannunka, zumuncin da ka ke gudun ɓatawa shi zai ɓaci.
7. Kada wani abu ya zauna a ƙasa ya jingina da bango. A ɗora kan benci ko katako, a bar taƙi guda tsakaninsa da bango don tsintsiya ta wuce. Hatsi da gari a zuba su cikin mazubi mai murfi.

Takardu masu muhimmanci, watau na fili da na haihuwa da na makaranta, suna cikin akwatin ƙarfe mai makulli, mun kuma ɗauki hotonsu da waya mun aika wa yayana. Kowace yamma a kan ɗauki minti goma a mai da kome mazauninsa. Ran Asabar ta share gari, in an gama da titi, sai mu zaɓi kusurwa ɗaya a cikin gida mu zazzage ta. Ba zan ce ba a karya dokokin nan ba, ta biyar ma Mama ta fi kowa karya ta. Amma yanzu in an ce a ɗauko abu, a kan ɗauko shi kafin ruwan shayi ya tafasa.

Ga malami a cikin aji

Wanda zai koyar da wannan darasi kada ya fara da rubutu a allo. Ya fara da kabad ɗin ajinsa, inda tsofaffin takardun jarrabawa da karyayyun kujeru ke kwance tun zamanin malaman da suka wuce. Ya nemi iznin hedimasta, ya shimfiɗa tabarma huɗu, ya bar yara su rarraba da kansu suna amsa tambayoyin nan uku. A nan za a sami lissafi, domin za su ƙidaya su jera, a sami kiwon lafiya, a kuma sami rubutu in kowa ya bayyana abin da ya gani. Aikin gida kuwa shi ne kowane yaro ya gyara jakarsa da wurin kwanansa kaɗai, ya kife duk abin da ke riƙe ruwa a bayan ɗaki. A gargaɗe su ƙwarai kada su taɓa kayan iyayensu ba da izni ba, don kada su yi irin wautar da na yi da kwalaben man ja. In uwa ta ga wurin ɗanta ya gyaru, ita za ta tambaye shi yadda ya yi.

'Yan'uwa, nan ba da daɗewa ba za a ba kowannenmu aji, yara arba'in ko fiye suna kallon teburinsa da aljihunsa. Kafin mu tsaya gabansu mu yi maganar tsabta, ya kamata kowa ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gadonsa a ɗakin kwana. Ni na leƙa nawa jiya da dare, na sami kwali guda na takardu da ya cika wa'adinsa. Gobe zai fita.